Ranar Da Na Rina Furfurar Baba

Ina rubuta muku wannan ne da yatsun da har yanzu akwai baƙi a ƙarƙashin faratansu. Na wanke, na goge, na jiƙa a ruwan ɗumi, ya ƙi fita. Kafin ku fara zagina a ƙasa, don na san za ku zage ni kuma na cancanta, ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A gidanmu furfura gado ce. Babana kafinta ne, shekararsa hamsin da biyu, amma tun yana ɗan talatin kansa ya yi fari fat, har gemu. Shi bai taɓa damuwa ba. In an tsokane shi sai ya yi dariya ya ce garin katako ne ya ƙi wankuwa. Ni ce dai na kwaso gadon na kasa ɗauka. Ina 'yar sha bakwai na ga silin farko a gaban goshina, yanzu ina da ashirin da takwas, kuma da zan bar kaina wata uku ba rini, da kun ce mini sannu Hajiya. Duk ƙarshen wata nakan kulle ƙofar banɗaki da kwalin rini, da safar hannu, da tsohon buroshi, in yi abina ni kaɗai. Ko wajen mai gyaran gashi ba na zuwa, don bakinsu ba ya riƙe magana.

Shekara biyu da suka wuce an kusa sa mini rana da wani. Mahaifiyarsa ta zo gidanmu, ta ga Baba, ta koma ta ce ita ba za a haifa mata jikoki da hular auduga ba, jininmu na saurin tsufa ne. Haka maganar ta mutu. Tun daga ranar Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta sa ni gaba.

"Ƙanwarki har ta yaye na fari, ke kina nan kina ƙirga silin gashi. Wannan karon in Allah ya kawo wani, ki rufe kanki, ki rufe bakinki."

Sai Allah ya kawo Mai Tabarau. Ni aikin buga takardu nake yi a wani shago, kallon kwamfuta ya sa idona ya fara ruwa, na je a auna ni. Shi ya zaunar da ni, ya ɗora mini wannan ƙarfen mai nauyi a hanci yana canza gilasai.

"Wannan ya fi, ko wancan?"

"Duk ɗaya nake gani."

"To ki daina kallona, ki kalli allon."

Kunya ta kusa kashe ni a kujerar nan. Daga nan aka fara. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa, kuma ba abin da ke wuce idonsa. In na canza ɗankunne sai ya faɗa. In ban yi barci sosai ba sai ya faɗa. Wannan halin nasa shi nake so, shi kuma nake tsoro.

Sati uku da suka wuce ya sauke ni a ƙofar gida da yamma. Baba na zaune a kan bencin da ya ƙera da hannunsa, ba hula, yana miƙa wayarsa nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido don ya karanta saƙo. Gilashin motar a sauke yake. Mai Tabarau ya dube shi ya ce, "Kakanki ne wancan?"

Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Eh, kakana ne."

Baba ya ɗago hannu ya gaishe mu, da murmushinsa. Na ce wa Mai Tabarau ya yi sauri kar ya tare hanya, na fito na shige gida kaina a ƙasa. Na yi ta faɗa wa zuciyata bai ji ba, ai da ƙarar injin, ai hankalinsa na kan waya. Abin da na ƙi lura da shi shi ne, daga ranar Baba bai ƙara zama a bencin nan da yamma ba.

Ranar Alhamis saƙon Mai Tabarau ya shigo ina tsakiyar aiki.

*Ranar Asabar ƙarfe huɗu zan zo in gaida Baba. Na gaji da ajiye ki a bakin ƙofa kamar direba.*

Na rubuta *Baba ba ya nan*, na goge. Na rubuta *akwai maganar da nake so mu yi*, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, *Allah ya kai mu.* Har da hoton fure. Kun ga irin rashin kunyata ko?

Ranar Asabar da hantsi ina guge doguwar rigata ruwan toka, wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, sai na ji sallamar Baba a bakin ɗakina. Ba ya shigo mana ɗaki, don haka na ajiye dutsen guga na fito. Yana tsaye da 'yar baƙar leda a hannu.

"Uwata, kina da aiki ne?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"A'a Baba."

Ya miƙo mini ledar. Kwalin rini ne, baƙi, irin wanda nake saya, da hoton wani mutum yana murmushi a jiki.

"Mai shagon ya ce wannan ne mai kyau. Ni ban san yadda ake yi ba. Ke kin iya."

Na tsaya ina kallon kwalin. Ashe duk kulle ƙofar banɗakin da nake yi, ya sani.

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, me ya shiga kanka? Shekara ashirin da biyu kana yawo da abinka, yau ne za ka rina?"

"Baƙo za mu yi," ya ce.

Gwaggo kuwa har da tafi. "Yauwa Kafinta! Sai yau ka yi hankali. Da ka yi haka tun wancan karon, da yanzu yarinyar nan tana ɗakinta da goyo."

A nan ya kamata in durƙusa in ce Baba ka yafe mini, mayar da kwalin nan. Na sani. Amma wata zuciyar ta ce mini, ke, wannan ai mafita ce Allah ya kawo miki. In ya rina, Mai Tabarau zai ga uba mai baƙin gashi, kakan kuma sai a ce ya koma gida. Da wannan zuciyar na yi shawara.

Na ajiye masa kujera a tsakar gida, a inuwar bango. Na yafa masa tsohon tawul a kafaɗa, na matse tubub biyun da ke cikin kwalin a murfin roba, na gauraya har ya yi kauri, warin ya bugi hancina. Baba ya zauna ya ɗora hannuwansa a gwiwa kamar ɗalibi a gaban malami. Tunda nake ban taɓa taɓa kan mahaifina ba sai ranar. Gashin laushi gare shi, fari tas, yana ƙamshin sabulu da katako.

Duk wadda ke rini a gida ta san dokar farko: kafin ki taɓa buroshi, ki shafa basilin a gaban goshi, da kunnuwa, da ƙeya, don kar baƙin ya kama fata. Shekara goma sha ɗaya ina yin haka, ko da ido a rufe zan yi. Ranar nan na manta. Kwalbar basilin ɗin na ajiye a kan taga, ban ko dube ta ba. Safar hannun ma garin sauri na yaga ta dama, na cire na yar, na ci gaba da hannu tsirara.

Na bi kan layi-layi, na gangaro gemu. Ina cikin shafa wa gefen kumatunsa ya yi magana, a hankali, yadda Gwaggo da ke tsintar wake a can gefe ba za ta ji ba.

"Ki shafa sosai, Uwata. Kar a bar wurin da kakanki zai leƙo."

Buroshin ya faɗi daga hannuna.

Bai ɗago ya dube ni ba. Ya sunkuya ya ɗauko buroshin, ya karkaɗe ƙasar da ta manne, ya miƙo mini ta bayan kafaɗarsa. Da zagina ya yi, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Na karɓa na ci gaba da shafawa, hawaye na zuba, ba halin sharewa saboda hannuna duk rini.

Kwalin ya ce minti ashirin. Gwaggo ta ce furfurar gidanmu taurin kai gare ta, a bar shi ya yi awa guda. Ni kuma ban musa ba. Rana ta juyo, inuwar bangon ta gudu, Baba ya fara gumi, gumin yana gangarowa da baƙin ta goshinsa, ta bayan kunnensa, har wuya.

Da na wanke masa kan na goge da tawul, sai na ja da baya.

Innalillahi. Gashin ya yi baƙi wuluk, baƙin da ba na ɗan Adam ba, kamar an shafa wa takalmi mai. Goshinsa kuwa ga wani layi mai faɗin yatsa biyu daga wannan kunne zuwa wancan. Kunnuwan sun yi baƙi, kumatu sun yi dabbare-dabbare, ga sawun gumi guda uku sun sauko har gira. Girar kuma fara fat, don na manta da ita.

Mama ta fito ta gani, ta dafe ƙirji ta koma kicin. Baba ya karɓi madubi ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce, "ko in ɗauko samfefar goge katako a shago?"

Shi kaɗai ya yi dariya. Agogon wayata ya nuna ƙarfe biyu saura kwata, ga saƙo a sama:

*Na fito aski. Ina ta maimaita gaisuwa a mota kamar mai shirin jarrabawa.*

Nan fa aka shiga yaƙi. Na fara da sabulun wanka, ko gezau. Na kawo sabulun wanke-wanke da soso, ya ɗan dushe kaɗan. Gwaggo ta ce lemon tsami da gishiri, ta yanko da kanta ta murza masa a goshi da ƙarfinta na mai daka. Na ga Baba ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ta ɗaga hannu wurin ya yi ja, ya ɗan saɓule a gefe.

"A kawo kananzir," in ji Gwaggo.

"Wallahi ba za a sa masa kananzir ba!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, yanzu kika san ubanki ne?" Ita ba ta san abin da ta faɗa ba. Ni na sani, Baba ma ya sani.

Na kore su duka. Na ɗebo man girki a ƙaramin kofi, na ɗan ɗumama shi, na kawo auduga. Na durƙusa a gabansa ina shafa man a kan tabon, in bari ya jiƙa, in goge a hankali ina zagayawa. Audugar na yin baƙi ina canza wata. Inda ya ƙi, in ɗan shafa man goge baki, in jira, in share da tsumma mai ɗumi, ina kauce wa wurin da ya saɓule. Fuskarsa na dab da tawa. Rabon da in kalli Baba kusa haka tun ina ƙarama, lokacin da yake cire mini tsinken katako a yatsa da allura yana hura mini iska.

"Baba…"

"Yi aikinki, lokaci na tafiya."

"Baba, don Allah ka…"

"Na ji abin da aka yi miki wancan karon saboda ni," ya ce. "Ba za a sake ba."

Wato shi a ganinsa shi ne mai laifi. Na cije leɓe na ci gaba da goge kunnen ubana, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙarfe huɗu saura minti goma, kumatun sun fita, wuyan ya fita, layin goshin ya koma kamar inuwa. Hula ta rufe rabinsa da wurin da ya yi ja. Bayan kunnen hagu ne ya ƙi sam. Hannuna na dama kuwa ban samu lokacinsa ba, yatsu huɗu baƙi ƙirin har farce. Na zura rigata, na yafa babban mayafi, na naɗe hannun a cikinsa.

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Farar riga ya sa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, ga ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa falo. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Tashi ka hau kujera."

Ya ƙi, ya zauna a kan darduma. Na kawo ruwa da kofuna a tire, na ajiye da hannun hagu, Gwaggo na hararata daga bakin labule. Na koma gefen ƙofa na rakuɓe. Suka taɓa hira, aikin katako, aikin ido, yadda kowa yanzu waya ta lalata masa gani. Na ga Mai Tabarau ya ɗago ya kalli fuskar Baba, ya ɗan daɗe a kan girar, sannan ya sauke kai.

Can ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan akwatin tabarau ruwan ƙasa, ya riƙe da hannu biyu.

"Baba, Kaka yana ciki? Rannan na gan shi a ƙofar gida yana fama da karatun waya. Na ƙiyasta lambar da za ta yi masa, na haɗo masa wannan. In bai yi daidai ba sai a kawo shi in auna shi da kyau."

Gwaggo ta saki labule tana cewa, "Wane kaka kuma?" ƙasa-ƙasa.

Ku fahimci wani abu game da babana. Mutum ne da mai saye zai zo ya zaɓi kujera, ya ce masa, kar ka ɗauki wannan, ƙafarta ɗaya da tsaga a ciki, na rufe da fenti ne kawai. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ko ta wasa. Shi ne na ga ya gyara zama, ya kalli darduma.

"Ai tsohon ya…" Ya sake farawa. "Tsohon ya yi tafi…"

"Ga shi nan a gabanka."

Ni ce na faɗa. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji Mama ta saki wani abu a kicin.

"Ba ni da kaka, sun rasu tun ban yi wayo ba. Wanda ka gani a benci babana ne. Shi ne wannan. Ƙarya na yi maka, don ina jin kunyar furfurarsa." Na zaro hannuna daga mayafi na ɗaga masa yatsun. "Ni na rina masa ɗazu. Ni ma haka kaina yake, duk wata nake rinawa. Ya ji lokacin da na ce maka kakana ne, shi ya sa ya sayo."

"Uwata, ya isa," in ji Baba.

"Bai isa ba, Baba."

Na durƙusa a inda nake, kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, ba irin na 'yan mata a gaban saurayi ba.

Mai Tabarau bai dube ni ba. Ko sau ɗaya. Ya kalli Baba, ya kalli bayan kunnen nan na hagu da na kasa gogewa. Sannan ya matsa gaba da gwiwoyinsa, ya buɗe akwatin, ya goge gilashin da gefen farar rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, a gwada a gani."

Baba ya karɓa, ya sa. Ya ɗauko wayarsa, ya riƙe ta kusa, yadda mutane ke riƙewa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe haka rubutun yake."

"Ya yi daidai?"

"Ya yi, ɗana. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba. Ni zan koma."

Ruwan da na kawo ko taɓa shi bai yi ba. Ya sa takalminsa, ya yi wa Mama sallama daga bakin kicin, ya wuce ta gefena kamar ba mutum a wurin. Na ji tashin motarsa. Gwaggo ta fara, "Kin kashe kanki da bakinki, 'yar nan, wa ya aike ki…" Baba ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya miƙe ya shiga ɗakinsa da tabaran a fuskarsa, ya turo ƙofa.

Ina nan zaune a bakin gado da sauran man girkin nan da auduga, ina goge yatsuna, ana kiran magariba, wayata ta yi ƙara. Sai da na goge hannu a jikin rigar da na ɓata rabin safiya ina gugewa, sannan na iya buɗewa.

*Tun ranar da na auna miki ido na ga farin gashi a gefen ɗankwalinki. Bai taɓa damuna ba.*

Ban gama sauke numfashi ba na biyun ya shigo.

*Ki tambayar mini Baba ko zan iya zuwa shagonsa gobe. Wajensa zan zo, ba wajenki ba. Ke ban san abin da zan ce miki ba tukuna.*